Yadda gida ke taimaka wa yaro ya iya lissafi

A shekarar 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da haɗin gwiwar Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta gudanar da wani babban bincike gida-gida a faɗin Najeriya. Cikin abubuwan da aka auna har da ƙwarewar yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a lissafi. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: karanta lamba, faɗin wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, tara ƙananan lambobi, da cike gurbin lambar da aka tsallake a jeri. Aiki ne na ƙananan azuzuwan firamare. Kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya su duka.

Duk da haka, wanda ya san kasuwannin Arewa ya san cewa yarinyar da ke tallar gyaɗa ba ta cika yin kuskuren canji ba, yaron shago a Kantin Kwari kuma kan faɗi kuɗin yadi goma sha biyar kafin mai saye ya gama lalubo wayarsa. Ke nan ba ƙwaƙwalwa ce ta yi ƙaranci ba. Akwai lissafin da yaro ke yi da ka, da Hausa, da kuɗi a hannu. Akwai kuma wanda ake rubuta masa a allo da alamomi da Turanci. Yara da yawa suna girma ba su taɓa gane cewa abu ɗaya ne ba. Haɗa waɗannan biyun shi ne babban taimakon da gida ke iya bayarwa, kuma gida ya fi makaranta damar yin sa, domin a nan ne ake awo, ake cefane, ake rabo.

Lissafin kasuwa da lissafin aji

Masana sun daɗe da lura da wannan rata. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil suka bi yaran da ke sayar da kwakwa da kayan marmari a bakin titi. Sun fara zuwa musu a matsayin masu saye, daga baya suka ba su ainihin waɗancan lissafe-lissafen a rubuce a takarda. A wurin ciniki yaran sun ci kusan dukkan tambayoyin, kimanin kashi 98 cikin 100. A takarda kuwa ba su kai kashi 40 ba. Shekara arba'in bayan haka, a 2025, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike mafi girma da aka yi a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, wanda cikin masu shi akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Yaran kasuwa sun iya ciniki mai sarƙaƙiya da ka, amma sun kasa irinsa da aka rubuta da salon makaranta. 'Yan makarantar da ba su taɓa zaman shago ba kuma sun iya na takarda, amma da aka ba su lissafin ciniki sai akasarinsu suka ruɗe.

Darasin da ke ciki ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya. Ɗora wa yarinya talla ba zai sa ta ci jarrabawa ba, ko da ta fi kowa iya canji. Haka nan yaron da ke cika littafi da amsoshi daidai a makarantar kuɗi mai tsada yana iya tsayawa gaban mai kayan miya da Naira 1,000 bai san nawa za a maido masa ba. Babu wanda ke komawa ɗayan da kansa. Sai an sami wanda ya nuna wa yaro hanyar.

Bambancin yana cikin yadda ake yin aikin. Idan aka yi sayayyar Naira 650 aka ba da 1,000, mai shago ba ya ɗebewa. Cewa yake, hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu, canji 350. Ƙari ya yi, daga ƙasa zuwa sama. A makaranta kuwa za a jera 1,000 a sama, 650 a ƙasa, a fara daga dama, a yi ta aro daga sifiri zuwa sifiri, a nan ne yara da yawa ke ɓata. Hanyoyin biyu duk daidai ne. Uban da ya bar ɗansa ya fara nemo amsa da hanyar kasuwa, sannan ya ce masa ya rubuta ta da hanyar makaranta ya gwada ko sun zo ɗaya, ya ba shi abin da ɗalibai da dama ba su da shi, wato hanyar da zai gane da kansa ko ya yi daidai, ba sai malam ya duba ba.

Ƙidaya da harshen gida

Wasu iyaye kan hana yara ƙirga da Hausa, don kada ta ɓata musu Turanci. Ta fuskar lissafi wannan asara ce. Ƙidayar Hausa tana bayyana ginin lamba a fili: goma sha ɗaya, goma sha biyu, ashirin da uku, ɗari biyu da hamsin da shida. Yaron da ya ce "goma sha uku" ya riga ya faɗi cewa goma ce da uku. A Turanci kuwa sunayen 11 da 12 ba sa nuna alaƙarsu da goma, sannan 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50 suna kama da juna a kunne, har malamai kan sha fama da yaran da ke musanya su a rubutu. Akwai ma ɗebewa a cikin harshen kansa: dattijon da ya ce "ashirin ba biyu" yana nufin 18, "ɗari ba biyar" kuma 95. Wannan ita ce dabarar da ake koya wa yara a makaranta don sauƙaƙa lissafin ka, cewa wanda zai ƙara 98 ya ƙara 100 ya cire 2.

Sunayen gomomi daga ashirin zuwa casa'in daga Larabci aka aro su, saboda haka ba sa nuna cewa talatin goma uku ce. A nan ne yaro ke buƙatar a nuna masa, ba a faɗa masa kawai ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke tsarin da komawa Turanci. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan muhawara, abin da ya bayyana shi ne yaro zai gamu da lissafi a aji da harshen da bai gama ƙwarewa a kansa ba. Sau da yawa yaron da aka ce ba ya gane lissafi, tambayar ce bai gane ba. Gwajin mai sauƙi ne: a karanta masa ita da Hausa. Idan ya amsa nan take, matsalarsa ta karatu ce, maganinta kuma daban ne. Abin da ya fi amfani shi ne yaro ya san kowane abu da suna biyu, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da Hausa, da kuma sunayensu na littafi.

Kafin a kai nan akwai matakin da ake yawan tsallakewa. Ɗan naziri da ke rera lambobi daga 1 zuwa 100 a bikin yaye ɗalibai hadda ya yi, ba lallai ne ya iya ƙidaya ba. Wanda ya iya ƙidaya shi ne wanda idan aka ce ya kawo cokali shida zai kawo shida, yana taɓa kowane cokali sau ɗaya, ya kuma san cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya. Ana samun wannan tsakanin shekara uku zuwa biyar ta hanyar aike: kofi nawa za a jera wa baƙi, matakala nawa ce zuwa bene, takalmi nawa ne a ƙofar ɗaki kuma na mutum nawa ne. Ƙirga da yatsu ba abin kunya ba ne a wannan shekaru, hana shi da tsawa kuma ba ya sa yaro ya daina, sai dai ya koma yi a ƙarƙashin tebur.

Gurbin lamba, inda gini ke tsagewa

Idan za a zaɓi abu guda da ya fi kayar da yara a firamare, to gurbin lamba ne, wato fahimtar cewa 5 da ke cikin 52 ba biyar ba ce, hamsin ce. Duk abin da zai biyo baya, aro da riƙewa, dogon rabawa, ɗigon desimal, a kan wannan yake zaune.

Alamomin rashinsa a bayyane suke ga mai duba littafin yaro da natsuwa. Yaron da aka ce ya rubuta ɗari uku da biyar ya rubuta 3005, abin da ya ji ya rubuta: 300, sannan 5. Wanda aka ba 52 a ɗebe 27 ya sami 35, ba cinta ya yi ba. Ya duba gidan dama ya ga 2 da 7, ya cire ƙarama daga babba ya sami 5, ya koma hagu ya cire 2 daga 5 ya sami 3. Yana da ƙa'idar da yake bi, ƙa'idar ce ba daidai ba, kuma zai maimaita wannan kuskure a kowace tambaya mai aro har sai an gano shi. Jan biro da umarnin "sake yi" ba sa gano shi. Abin da ke gano shi tambaya ce: "Nuna min yadda ka yi."

Maganin ba ya cin kuɗi. A samo tsinkayen tsintsiya ko ashana, a ɗaure su goma-goma da roba. Lamba 52 ta zama ɗauri biyar da tsinke biyu. A ce yaro ya ba da 27. Zai ga tsinke biyu ba za su isa ya ba da bakwai ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Yanzu yana da ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. Ya ba da bakwai saura biyar, ya ba da ɗauri biyu saura biyu, amsa 25. Kwance ɗaurin nan shi ne abin da malam ke kira aro, kuma yaron da ya kwance shi da hannunsa sau goma ya san dalilin da ya sa ake soke 5 a mayar da ita 4. Da irin waɗannan tsinkaye da ɗauri ne tsarin nan na ƙungiyar Pratham ta Indiya ke aiki, tsarin koyar da yaro daga inda iliminsa ya tsaya ba daga ajin da aka ajiye shi ba, wanda aka gwada a makarantun gwamnati a jihohin Borno da Kano.

Takardun kuɗi ma suna yin wannan aiki, musamman Naira 10 da 100 da 1,000, domin kowace goma ce ta wadda ke ƙasa da ita. Tun da ƙananan takardun sun yi wuya a hannu saboda tsadar kaya da yawan biya ta waya, ana iya yanka kwali a rubuta. Abin lura a nan shi ne, yaran birni na yanzu ba sa taɓa kuɗi kamar yadda iyayensu suka taɓa. Inda ake tura yaro shago da tsabar kuɗi ya dawo da canji, yau tiransifa ake yi ko a miƙa kati ga mai POS. Wani darasi ne da rayuwa ke bayarwa kyauta ya ɓace, sai an maido shi da gangan.

Tsari mafi inganci shi ne daga abin da hannu ke taɓawa, zuwa zane a takarda, sannan zuwa lamba tsura. A kan wannan aka gina koyar da lissafi a Singafo, ƙasar da ɗalibanta ke yawan zuwa kan gaba a gwaje-gwajen duniya. Gaggawar kai yaro mataki na uku ita ce ke haifar da ɗalibin da ya haddace hanya bai san inda ta nufa ba.

Akwai wani ƙaramin gwaji da ya kamata a yi wa ɗan aji uku zuwa shida: 8 + 4 = __ + 5. Da yawa za su rubuta 12, wasu 17. Amsar 7 ce. Masu kuskuren sun ɗauka alamar daidai na nufin "ga amsa nan tafe", alhali ma'anarta ita ce abin da ke dama da abin da ke hagu nauyinsu ɗaya, kamar sikelin mai nama. Yaron da bai gyara wannan fahimta ba zai sha wuya da aljabara a ƙaramar sakandare.

Jadawalin sau

Jadawalin da ke bayan littafin rubutu yana da amfani, haddace shi kuma wajibi ne, domin wanda ke tsayawa ƙirga bakwai sau takwas da yatsu ba zai sami sararin tunanin sauran tambayar ba. Sai dai hadda ta fi zama idan ta biyo bayan fahimta, kuma aikin bai kai yawan da yake ba yara tsoro ba. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma amsoshi 100 ne. Da yaro ya gane cewa uku sau bakwai daidai yake da bakwai sau uku, sun koma 55. Idan aka cire gidajen 1 da 2 da 5 da 10, waɗanda kusan kowane yaro ke kamawa da wuri, saura 21 kacal. Gidan tara yana da sirrinsa: lambobin kowace amsa idan aka tara su tara suke bayarwa, 18, 27, 36, 45, har 90. Wanda ya manta bakwai sau takwas kuma yana iya cewa bakwai sau huɗu 28, a ninka, 56.

Kayan gida cike suke da wannan. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne na shida-shida, 30. Ledar ruwa tana da ƙulli 20, to leda bakwai fa? Turmin atamfa yadi shida ne. A kasuwannin hatsi da na dabbobi har yau akwai masu ciniki da jaka, wato Naira 200, ragowar zamanin da ake cewa fam ɗari jaka guda kafin a sauya kuɗi a 1973. A Maraɗi da Damagaram kuwa da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala tana daidai da sefa biyar, saboda haka yaron da ya ga 100 a rubuce ya ce dala ashirin, rabawa da biyar ya yi ko bai san sunanta ba.

Rabi, sulusi da kashi cikin ɗari

Guntayen lamba su ne tudu na biyu. A nan yaro ke gamuwa da abin da ya saɓa wa duk abin da ya koya: takwas ta fi huɗu, amma ɗaya bisa takwas bai kai ɗaya bisa huɗu ba. Gurasa ɗaya da wuƙa sun isa su warware wannan. Wanda aka tambaya ko ya fi son a raba ta tsakanin mutum huɗu ko mutum takwas ba ya kuskure. Haka ma yaron da ya tara rabi da kwata ya sami biyu bisa shida, don ya tara na sama ya tara na ƙasa. A ɗora masa rabin gurasa da kwatarta a faranti ya gani ko abin da ke gabansa ya gaza rabi.

Hausa na da kalmomin tun kafin zuwan boko: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Ɗalibin makarantar allo ya san Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, ke nan sumuni 480. Zakkar dukiya ɗaya cikin arba'in ce, abin da littafi ke rubutawa kashi 2.5 cikin 100. Ta amfanin gonar damina ɗaya cikin goma, ta noman rani da aka sha wahalar ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Ilimin rabon gado kuwa kusan gaba ɗayansa tarawa da rabon guntayen lamba ne. Yaron da ke jin waɗannan a Islamiyya da yamma ba kasafai ake gaya masa cewa su ne darasin da ya gagare shi da safe ba.

Ga 'yan aji biyar zuwa ƙaramar sakandare, harkar iyayensu ita ce littafi mafi kyau. Ɗan kasuwa na iya ba ɗansa lissafin gaske: an sari kaya Naira 40,000, an sayar 46,000, ribar kashi nawa ce? Sha biyar cikin ɗari. In an cire kuɗin mota da na dako fa? Ma'aikaci na iya nuna takardar albashi, a lissafa kashi 8 da dokar fansho ta 2014 ta ce a cire, ko harajin kaya na kashi 7.5 da ke jikin rasit. Adashen mutum goma da ke zuba 5,000 duk wata, nawa ne kwasa, kuma wata nawa za a yi kafin ya zagayo? Akwai tambayar da ke kayar da manya ma: kayan Naira 10,000 ya tashi da kashi 20, daga baya ya sauka da kashi 20, ya koma farashinsa na da? Bai koma ba. Ya hau 12,000, ya sauko 9,600.

Wasa

Dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, tana koyar da hangen abin da zai biyo baya. Carafke tana koyar da ɗiba biyu-biyu da uku-uku. Lido tana sa ƙaramin yaro ya gane yawan ɗigo ba tare da ya ƙirga ba. Ga wanda ya fara tasawa akwai wasan gida tara: a zana murabba'i mai gida uku-uku, a zuba lambobi 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Wanda ya gano cewa 5 ce ke zama a tsakiya ya yi rabin aikin. Wannan fanni yana da tarihi a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau, kodayake ɗaliban Katsina kaɗan ne suka taɓa jin sunansa a aji.

Tsoro, bulala da jinga

Lissafi ya fi kowane darasi alaƙa da tsoro, kuma tsoron ana gadonsa. Wani bincike da masana a Jami'ar Shikago ta Amurka suka wallafa a 2015, kan 'yan aji ɗaya da biyu, ya gano cewa yaran da iyayensu ke fargabar lissafi sun fi samun koma-baya a shekarar, amma a gidajen da iyayen ke yawan zama taya su jinga ne kawai aka ga hakan. Ba taimakon ne ya cutar ba, yanayin da ake yin sa ne: ɗaga murya, tsaki, da maganar nan da ake yi ba da nufin komai ba, "ni ma ban taɓa iya shi ba, a jininmu yake." Yarinyar da ta ji wannan daga bakin mahaifiyarta ta sami izinin sallamawa. Babu wata hujja da ta nuna cewa an halicci maza da iya lissafi fiye da mata.

Bulala kuwa tana da illa ta musamman a nan. Lissafi na buƙatar mutum ya riƙe lambobi biyu ko uku a ka yana juya su, fargaba kuma wannan wurin take cinyewa. Yaron da ke kallon hannun uba ba ya kallon tambaya. Abin da yake koya shi ne ya yi saurin faɗin wata lamba don a rabu da shi, ko ya kwafa daga abokinsa kafin a shiga aji.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da abin bayarwa fiye da yadda take zato. Ita ce ke auna shinkafa da gwangwani, take raba nama, take sanin ko mudu uku zai kai mako. Ba sai ta iya dogon rabawa ba. Ya isa ta ce, "Koya min abin da aka koya muku yau," domin yaron da ya yi bayani da bakinsa yakan gano inda bai gane ba. Uban da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i yana da ranar hutu da zaman shago. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku daren jarrabawa. Yi wa yaro jinga da hannun babba kuwa, ko barin yayansa ya yi masa, ɓoye wa malam gaskiya ne kawai.

Malamin lesin yana da amfani idan ya fara da gano inda yaro ya tsaya. Idan abin da yake yi shi ne maimaita darasin aji biyar ga yaron da bai iya aron aji biyu ba, kuɗin banza ake biya. Iyaye na iya yin gwajin da kansu cikin minti biyar: ya karanta lamba mai gida biyu da mai gida uku, ya yi ɗebewa mai aro, ya raba lamba mai gida uku da lamba ɗaya. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne za a koma, ko da ya yi ƙasa da ajinsa da shekara uku. Kalkuletar waya kuma ta fi dacewa da duba amsa bayan an gama, ba nemo ta ba.

Inda ya fi ƙarfin gida

Lissafi darasi ne na dole a dukkan shekaru tara na ilimin bai-ɗaya, kuma yana cikin jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya, da ta kammala ƙaramar sakandare, da WAEC da NECO. A Oktoban 2025 gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin samun kiredit a cikinsa ga masu neman karanta darussan adabi da makamantansu a manyan makarantu, amma ta ce dole kowane ɗalibi ya zauna jarrabawarsa. Likitanci, injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, akanta da tattalin arziki duk suna nan a rufe ga wanda bai ci shi ba, kuma sau da yawa ƙofar tun a aji uku na firamare take fara rufuwa.

Akwai yaran da duk da kulawa da maimaici ba sa kama ma'anar yawa: ba sa iya faɗin ko 7 ta fi 5 sai sun ƙirga, abin da suka haddace jiya ya gudu yau, alhali a sauran darussa lafiya lau suke. Masana na kiran wannan lalura diskalkuliya, ana kuma ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yara 3 zuwa 6 cikin 100. Ba taurin kai ba ce, ba kuma dakiƙanci ba. Kafin a kai ga wannan zato, ya kamata a fara duba ido da kunne a asibiti, domin yaron da ba ya bambance 3 da 8 daga bayan aji, ko ba ya jin malam sosai, alamominsa kan yi kama da waɗannan. Idan an kawar da su matsalar ta ci gaba har zango biyu ko uku, sai a zauna da malamin aji da littafin yaron a buɗe, a nemi ya nuna irin kuskuren da ke maimaituwa, sannan a nemi shawarar ƙwararre a fannin ilimin yara masu buƙata ta musamman, waɗanda ake samu a tsangayoyin ilimi na jami'o'i da kwalejojin ilimi.